Yadda ake sakakken rubutun ƙawa da burushi da tawada

Bakin biro ba ya canza faɗi, ko ka danna shi ko ka sassauta. Gashin burushi kuwa bajewa yake yi idan ka ɗora masa nauyi, ya sake tattarewa ya koma tsini da zarar ka sassauta hannu. A kan wannan hali nasa aka gina rubutun burushi gaba ɗaya: layin da ke saukowa ƙasa a danna shi ya yi kauri, wanda ke hawa sama a bar tsinin kaɗai ya taɓa takarda ya fito siriri.

Sakakken rubutu, irin wanda ake gani a katin gaisuwa ko murfin littafi ko allon talla, shi ne wanda ba a ɗaure shi da tsauraran ƙa'idojin tsofaffin salo ba. Haruffansa suna ɗan hawa suna ɗan sauka, wani ya ɗara wani girma, wani lokaci har a bar sawun gashin burushi ya fito a ƙarshen layi. Sai dai da gangan ake sakin nan. Hannun da bai iya tsayar da layi a inda yake so ba, idan ya ce zai saki rubutu, hargitsi ne zai fito. Don haka da kamewa ake farawa.

Kayan aiki

Nemi burushi mai zagayen gashi mai tsini, irin na masu zane da fentin ruwa. Sassansa uku ne: mariƙi, zoben ƙarfen da ya ɗaure gashin, sai gashin kansa, wanda yake da tumbi a tsakiya inda tawada ke taruwa da tsini a ƙarshe. Lamba 4 ta fi dacewa da mai farawa. Daga 0 zuwa 2 na ƙananan haruffa ne, ƙaramar rawar hannu ma tana fitowa a cikinsu. Daga 6 zuwa 8 na manyan rubutu ne, gashinsu ya fi tsawo, ya fi wuyar juyawa a kwana. Lambobin nan ba su zama ɗaya ba tsakanin kamfanoni, saboda haka kada ka dogara da lamba kawai, duba gashin da ido: tsawon santimita ɗaya da rabi ko kusa da haka ya yi.

Akwai gashin nailan, akwai na dabba. Na dabba mai kyau ya fi shan tawada, tsininsa ya fi kaifi, amma tawada mai danƙo tana saurin kashe shi. Na nailan ya fi tauri, yana miƙewa nan take bayan an danna shi, kuma wannan miƙewar ce take taimaka wa mai koyo wajen komawa siririn layi. Da shi ya kamata a fara. Sabon burushi yakan zo da gam mai laushi da aka sandarar da gashin da shi. Murza shi a ruwa da yatsu har ya saki. Sannan ka gwada shi: jiƙa, ka yarfe sau ɗaya. Idan gashin ya haɗu ya ba da tsini guda, burushin ya yi. Idan bakin ya rabe biyu tun yana sabo, babu dabarar da za ta sa ya ba ka siririn layi.

Tawadar da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce tawadar Indiya. Baƙin hayaƙi ne da aka niƙa da ruwa, yawanci a haɗa da shalak, wani danƙo da wani ƙwaro ke fitarwa. Shalak ɗin ne yake sa ruwa ba ya wanke ta bayan ta bushe, shi ne kuma yake ƙafewa a cikin burushi idan an yi sakaci. Tawadar sumi ta Japan ita ma baƙin hayaƙi ce, amma da gam ake haɗa ta, tana gudu da santsi, ta fi sauƙin wankewa. Akwai kuma tawadar akirilik mai launuka iri-iri. Tana da kyau, amma idan ta bushe a gashi da wuya ta fita. Tawadar alƙalamin ɗuri rini ce, ta cika tsinkewa, tana yin naso a yawancin takardu, kuma rana tana kodar da ita. Ana iya motsa hannu da ita, amma ba ta aikin da za a ajiye ba ce.

Kada ka riƙa tsoma burushi cikin babbar kwalba. Ba ka ganin zurfin da ka kai, kuma barin ta a buɗe yana sa tawadar ta yi kauri. Juya kwalbar a hankali don abin da ya kwanta a ƙasa ya gauraya, sannan ka zuba mililita 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, a ƙaramin mazubi mai faɗin gindi da ba zai kife ba. Idan tawadar tana jan gashi tana barin fari a tsakiyar layi tun burushi na cike, ta yi kauri: ƙara ruwa ɗigo biyu ko uku, ka gauraya, ka gwada, ka sake ƙarawa idan akwai bukata. Ruwan da aka turara, wanda babu ma'adinai a cikinsa, ya fi aminci, domin ruwa mai ma'adinai kan sa tawada mai shalak ta yi gudaji. Idan kuma ta cika tsinkewa tana naso, kuma ba mai shalak ko akirilik ba ce, ɗigo ɗaya ko biyu na narkakken ƙaro zai kama ta. Ƙaron da ya yi yawa yana sa rubutu ya yi ƙyalli, ya daɗe yana danƙo.

Ana auna takarda da nauyinta na giram a kowace murabba'in mita, za ka ga an rubuta a jikin kunshinta. Takardar firinta ta yau da kullum giram 80 ce: ta yi sirara, tana tattarewa idan ta jiƙe, tawada kuma tana ɓullowa ta bayanta. Domin atisaye nemi mai santsi ta giram 100 zuwa 120. Domin aikin ƙarshe, mai santsi ta giram 200 zuwa sama, ko takardar fentin ruwa ta giram 300. Ita ta fentin ruwan akwai mai sulɓi, akwai mai kaushi. Mai sulɓi tana ba da gefen layi mai tsabta, mai kaushi kuwa ita ce ke fitar da sawun gashi, amma tana cin tsinin burushi, don haka kada a yi atisayen yau da kullum a kanta.

Sauran kayan: fensir mai tauri kamar H ko 2H, rula, robar goge fensir mai laushi, salatif na takarda, tsumma ko tishu, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wankin farko, ɗaya na ɗauraya.

Layukan jagora

Kwantar da takardar A4 ta faɗinta. Ja layi ɗaya a kwance, shi ne layin zama, inda haruffa ke zaunawa. Santimita 2 a samansa ja layin kafaɗa, iyakar tsayin a, e, n, u da makamantansu. Santimita ɗaya da rabi a saman kafaɗa ja layin kai, iyakar l, h, b, d, k. Santimita ɗaya da rabi a ƙarƙashin layin zama ja layin jela, na g, j, y. Sahu ɗaya ya ci santimita 5 ke nan. Bar santimita 1 tsakanin sahu da sahu, za ka sami sahu uku a takardar. Idan burushinka ya fi lamba 4 girma ko ƙanƙanta, danna shi ka ja layi mafi kauri da zai iya, ka auna faɗinsa, ka ninka sau huɗu ko biyar: tsayin da ya dace tsakanin zama da kafaɗa ke nan. Idan ka rage shi, farin da ke cikin a da e zai toshe.

Saura layukan karkata. Sa alama a layin jela, ka sa wata a layin kai wadda ta goce dama da santimita 1, ka haɗa su. Wannan karkata ce ta kusan digiri 11, ta wadatar da sakakken rubutu. Maimaita ta kowane santimita 3. Domin kada ka riƙa maimaita wannan awo kullum, yi shi sau ɗaya da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, a takarda guda, ka riƙa sa ta a ƙarƙashin ta atisaye. Layukan za su hasko.

Zama, riƙo da ɗibar tawada

Zauna ƙafafu a ƙasa, gaɓar hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu tana iya zamewa a kan tebur. Mai rubutu da dama ya ɗan juya kan takardar zuwa hagu. Sa wata takarda a ƙarƙashin tafin hannunka, domin maiƙon fata yana hana tawada kama takarda, sai ka ga layi ya tsinke a daidai inda hannu ya daɗe.

Riƙe burushin a ɗan saman zoben ƙarfe, ba a kan gashi ba, ba kuma can ƙarshen mariƙi ba. Ya kwanta kusan digiri 45 daga takarda. Abin da yawancin masu koyo ke kuskurewa shi ne inda mariƙin ya dosa. Idan ya dosa ƙirjinka, wato ya bi hanyar da layi ke saukowa, gashin zai riƙa bin bayansa a tattare, ba zai ba da faɗi ba, idan kuma ka zo hawa sai ka tura shi ya wargaje. Mariƙin ya dosa gefe, wajen kafaɗarka ta dama ko ma ya fi haka fita, tsinin yana kallon hagu. A haka idan ka danna, tumbin zai kwanta a gicciye da layin, ya share faɗi sosai. Bahago ya yi akasin haka: mariƙi ya dosa hagu, kan takarda ya juya dama, hannu yana ƙarƙashin sahun don kada ya shafe abin da ya rubuta.

Kafin tawada, jiƙa gashin da ruwa ka matse a tsumma. Jiƙaƙƙen gashi ya fi karɓar tawada daidai, kuma ruwan da ya shige gindin gashin yana rage wa tawada hanyar shiga ƙarƙashin zobe. Tsoma rabin gashin ko kashi biyu cikin uku, kada ya kai zobe. Shafa shi a bakin mazubi sau biyu, sannan ka mirgina shi a wata takarda ta gefe kana ja baya har tsinin ya dawo. Ja ɗan gajeren layi a nan kafin ka taɓa aikinka. Idan ka ga ɗigo yana lilo a tsini, ya yi yawa, zai zauna ya yi tafki a farkon harafi. Ciko ɗaya na lamba 4 yakan kai harafi biyu zuwa huɗu. Sake ɗiba a ƙarshen layi, kafin tawadar ta ƙare, don kada rabin kalma ya yi baƙi wuluk rabi ya yi toka.

Ja takwas da ake gina haruffa da su

Ba a rubuta kalma da burushi a ja ɗaya yadda ake yi da biro. Gina ta ake yi: a ja, a ɗaga, a gyara tsini, a sake ja. Kusan duk ƙananan baƙaƙe daga siffofi takwas suke fitowa.

Na farko siririn hawa: daga layin zama zuwa kafaɗa, tsini kaɗai, babu nauyi ko kaɗan. Shi ya fi ba da wahala. Yana rawa ne saboda abu biyu, matse mariƙi da ƙarfi, da jan layin da yatsu. Sassauta riƙo, ka ƙafe yatsu, ka bar hannun gaba ɗaya ya zame daga gwiwa. Kalli inda layin zai ƙare, ba tsinin burushi ba. Ƙaramar yatsa ta riƙa shafar takarda, ita ce ke riƙe maka tazarar da ke tsakanin hannu da takarda ta zama ɗaya.

Na biyu kakkaurar sauka: aza tsini a layin kafaɗa, danna har tumbi ya baje, ja ƙasa da nauyi ɗaya har layin zama, tsaya, sannan ka ɗaga. Layin santimita 2 ya ci kamar daƙiƙa biyu. Kada ka danna har zoben ƙarfe ya kusa taɓa takarda. Gashin zai rabe ya bar fari a tsakiya, kuma zai karye daga gindi. Kashi biyu cikin uku na tsawon gashin ya isa ya kwanta.

Na uku lanƙwasar ƙasa, jikin u. A nan ake gane wanda ya yi atisaye. Ka fara da nauyi, amma tun ka ci kashi biyu cikin uku na saukar ka soma sassautawa, kamar direban da ke rage wuta tun kafin ya iso kwana, ta yadda kafin ka kai layin zama tsini kaɗai ya rage. Da tsinin za ka zagaya, da shi za ka hau. Idan ka iso kwanar da nauyinka, gindin harafin zai yi kauri, gashin ya murɗe, hawan kuma ya fito da baki biyu. Na huɗu lanƙwasar sama, jikin n: hau da tsini, zagaya da tsini, sai ka wuce ƙololuwa ka fuskanci ƙasa sannan ka soma dannawa. Na biyar haɗakar biyun: hawa, sauka, hawa, kamar ƙafar ƙarshe ta n ko h. Farin da ke ƙarƙashin lanƙwasar farko ya yi daidai da wanda ke saman ta biyu.

Na shida da'irar o. Ɗauki harafin a matsayin fuskar agogo. Fara a ƙarfe 2, hau hagu da tsini, wuce ƙarfe 12, soma dannawa a 11, nauyi ya cika a 9, sassauta a 7, zagaya 6 da tsini, ka hau ka haɗe a inda ka fara. Farawa daga ƙarfe 12 yana barin mahaɗar a wurin da ido ke fara sauka. Na bakwai zargen sama na l da h, na takwas zargen ƙasa na g, j da y. Duka biyun ƙa'idarsu ɗaya, kauri a sauka, siranta a hawa, sai dai tafiyar ta fi tsawo, don haka a cika burushi kafin a fara.

Cika sahu ɗaya da kowace siffa, minti 15 zuwa 20 a rana. Wannan ya fi zaman awa uku sau ɗaya a mako, domin hannu na gajiya layi yake lalacewa, sai ka koma maimaita kuskure. Bayan kowane sahu tsaya ka duba abu uku: kaurin saukar ɗaya ne, karkatar ta bi layin jagora, faɗin siffofin ɗaya ne.

Daga siffofi zuwa kalma

Harafin a da'ira ce da lanƙwasar ƙasa a jikinta. Harafin d da'ira ce da doguwar sauka daga layin kai. Harafin g da'ira ce da zargen ƙasa. Harafin n gajeriyar sauka ce da haɗakar lanƙwasa, m kuma an ƙara masa lanƙwasar sama ɗaya a tsakiya. Idan za ka jingina sauka a jikin da'ira, ta taɓa gefen da'irar kawai, kada ta hau kanta ta cinye farin ciki. Kowane harafi ya ƙare da siririn hawa zuwa kusan rabin tsayin kafaɗa; ɗaga burushi a nan, harafi na gaba ya sauko ya rufe bakin siririn. Haka ake samun kalma ta zama kamar a ja ɗaya aka yi ta alhali an ɗaga sau goma.

Fara da kalmomin da ke maimaita siffa ɗaya, irin su munana, nanata da lumana, domin nan take suke tona rashin daidaiton tazara. Tazarar haruffa da ido ake auna ta, ba da rula ba. Abin da ake so shi ne farin da ke tsakanin harafi da harafi ya yi kusan daidai da farin da ke cikin harafin. Miƙaƙƙun layuka biyu a jere, kamar ll ko nn, suna bukatar fili. Masu zagaye biyu, kamar oo ko od, a matso da su. Tsakanin kalma da kalma faɗin harafin n ɗaya ya isa. Kifar da takardar kai ƙasa ka duba ta daga nesa. Idan ido ya daina karanta kalmar, wuraren da suka cushe da waɗanda suka yi wawakeke za su fito fili.

Baƙaƙe masu ƙugiya suna bukatar shiri na musamman, domin zargen sama da ake yi wa b da k yana iya kama da ƙugiya, mai karatu ya kasa raba kafa da ƙafa. Mafita ita ce a yi b, d da k da miƙaƙƙen tsayi marar zarge a duk rubutun, a bar lanƙwasa ga ɓ, ɗ da ƙ kaɗai. Ƙugiyar ƙananan baƙaƙen duk dama take kallo. Fara ta daga bakinta, ɗan ƙasa da layin kai, ka ɗan danna don bakin ya yi nauyi, hau hagu da tsini, zagaya, sannan ka danna ka sauko. A buɗe za ka bar ta, kada ta rufe. A kalmomi irin su daɗi da faɗi ƙugiyar ɗ tana faɗawa daidai inda ɗigon i zai zauna. Sauko da ɗigon kaɗan ka matsar da shi dama. A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana sama ta hagu, ta Ƙ kuwa a ƙarshen hannunta na sama take. Alamar da ke cikin sana'a ko 'ya'ya kuma a ba ta filinta tun a fensir, a yi ta da ɗan danni guda a ja ƙasa.

Sakin rubutu

Sai haruffa sun zauna daram a kan layi sannan a fara sakin su. Hanya ta farko ita ce tsalle: bar wasu lanƙwasar ƙasa su zarce layin zama da kamar rabin santimita, wasu lanƙwasar sama su zarce kafaɗa da kamar haka. Ƙafar ƙarshe ta n, m da h, da jelar a da u, su suka fi karɓar wannan. Kada haruffa biyu a jere su nutse tare, kuma a bar aƙalla rabin haruffan kalmar a kan layi. Su ne ke riƙe wa ido hanya. A kalmar sannu, misali, s da a su zauna, ƙafar n ta farko ta nutse, n ta biyu ta zauna, jelar u ta nutse ta miƙe dama.

Ana kuma iya ƙara wa harafin farko girma, a tsawaita giciyen t, a ja layin shiga da na fita su yi tsawo. Amma abu biyu ba a taɓa su: karkata da kaurin sauka. Muddin waɗannan sun zama ɗaya daga farkon kalma zuwa ƙarshenta, duk tsallen da haruffa suka yi za a ga hannu ɗaya ne ya yi su. Da zarar wani harafi ya miƙe wani ya kwanta, rubutun ya watse.

Sawun gashi, wato layin da ke ƙarewa da zare-zaren fari, da ƙarancin tawada da sauri ake samun sa. Ɗibi tawada, ka taɓa tumbin a tishu sau ɗaya ko biyu, ka ja da hanzari a takarda mai kaushi. Tsohon burushin da bakinsa ya baje ya fi sabo iya wannan, don haka kada ka zubar da shi. A ƙarshen dogayen layuka ya fi kyau. Idan ya cika ko'ina rubutun ba zai karantu daga nesa ba. Mai son inuwa ya surka kashi ɗaya na tawada da kashi takwas zuwa goma na ruwa, ya ja toka-tokan layi a dama da ƙasan kowace sauka, gefe ɗaya a duk haruffan. Wannan sai rubutun ya bushe sarai, kuma sai da tawadar da ruwa ba ya tayar da ita.

Aikin da za a ajiye

Zaɓi gajeren zance, kalma biyu zuwa biyar. Yi ƙananan zane huɗu ko biyar da fensir, kowane bai fi santimita 5 ba, ka gwada wace kalma za ta fi girma, wace za ta hau kan wace. Wanda ka zaɓa ka zana shi da girmansa na gaskiya a takardar atisaye. Domin daidaita sahu a tsakiya, rubuta shi da burushi a wata takarda, yanke shi, ninka shi biyu, ka aza ninkin a kan layin tsakiyar takardar aikin, ka sa alamar farko da ƙarshe. Ƙirga haruffa ba ya ba da tsakiya, domin m ta ninka i faɗi.

Manne kusurwoyin takardar aikin da salatif na takarda. Fara manna shi a jikin tufa sau ɗaya don ƙarfin gam ɗin ya ragu, kada ya ɗaye fuskar takardar. Ja layukan jagora da fensir marar nauyi, ka zana ƙashin haruffan da layi ɗaya siriri. Idan takardar ba ta cika kauri ba, jingina ta a gilashin taga da rana, zanen yana bayanta, ka kwafa. Motsa hannu minti biyar a takardar gefe, sannan ka rubuta. Kada ka bi fensir sau da ƙafa; jagora ne, idan burushi ya ɗan goce bar shi ya tafi. Tanadi takarda uku ko huɗu ka rubuta zancen a kowacce, ka zaɓi wadda ta fi. Komawa kan jiƙaƙƙen layi don gyara shi yana kumbura gefensa ne kawai. Idan gyaran ya zama dole, jira ya bushe, ka cike giɓi da tsinin burushi lamba 0, ko ka rufe ɗigon da ya fantsama da farin fenti mai kauri.

Saman tawada yana bushewa cikin 'yan mintuna, amma inda ta taru yana daɗewa. Jira aƙalla awa ɗaya kafin goge fensir, idan iska na da laima ka bar shi ya kwana. Karkata takardar wajen haske: duk inda ke ƙyalli irin na ruwa bai bushe ba. Goge a hankali, hanya ɗaya, kana danne takardar da ɗaya hannun. Mai son sa aikin a kwamfuta ya yi sikanin a ma'aunin ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci, ko ya ɗauki hoto kusa da taga, waya tana daidai saman takardar ba a karkace ba, filasha a kashe.

Wanke burushi

Ko ana cikin aiki, kowane minti biyar zuwa goma ɗauraye burushin a kofin farko, sannan na biyu, matse a tsumma, ka sake ɗiba. Tawada mai shalak tana fara ƙafewa daga gindin gashi tun kana rubutu, kuma ita ce ke tura gashin ya buɗe har tsini ya daina haɗuwa. Kada ka bar burushi a tsaye cikin kofin ruwa ko na minti kaɗan: tsinin zai lanƙwashe, ruwa kuma zai shiga mariƙin katako ya kumbura shi, zoben ya yi sako-sako.

Idan ka gama, wanke da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi. Ruwan zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin a cikin zobe. Shafa gashin a sabulu mai laushi, ka murza shi a tafin hannu a hankali, ka matsa gindin gashin da farce daga zobe zuwa tsini. Maimaita har kumfar ta fito fara. Tawadar Indiya da ta riga ta ƙafe, jiƙa gashin kaɗai a ɗan sifirit na minti kaɗan, domin sifirit yana narkar da shalak, sannan ka bi da sabulu. Gyara tsinin da yatsu, kwantar da burushin a kan tsumma har ya bushe, daga nan ne za a iya tsayar da shi a gwangwani gashi yana sama. Ragowar tawadar da ka surka da ruwa kada ta koma babbar kwalba. Goge bakin kwalbar da tsumma kafin ka rufe, in ba haka ba busasshen ɓawo zai manne murfin, kuma burbushinsa zai riƙa faɗawa ciki yana maƙalewa a tsinin burushi.